Masai Mai Kallon Gabas

Ba zan taɓa mantawa ba da gyaran banɗakin da na yi wa Inna, mahaifiyata, ko da 'yan unguwarmu a Jibiya sun yarda sun manta (ba su kuwa yarda ba).

Ciwon gwiwa ne ya hana ta tsuguno, sai na ce ta baro ƙauyenmu Bugaje ta dawo wurina, zan sa mata masai na zama. Wata uku ina lissafi a bayan littafin darasi: siminti buhu kaza, tayil kwali kaza, bututu, kuɗin aiki. Har matata ta laƙaba mini Akanta. Na rantse ko ƙusa ɗaya ba za ta ƙaru a kan abin da na rubuta ba.

Maginin, Malam Issufu, mutumin Maraɗi ne, ga iya aiki ga sanyin magana. Ranar da zai kafa masan ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Malam, da dai mun juya shi. Bututu guda za a ƙara, don in an aza shi haka..."

Ƙari! Kalmar da na tsana ke nan. Ban bari ya ƙarasa ba. "Ku magina haka kuke, kullum a ƙara, a ƙara. Yadda na zana za ka yi." Ya ce to.

Aka gama, wuri ya yi fes. Ranar da Kawu ya kawo Inna, tsofaffin unguwa suka shigo yi mata sannu da zuwa, ni kuma don neman suna na ja su kallon aiki (kallon banɗaki fa, jama'a!). Inna ta dogara sanda ta leƙa. Ta waiwayo ta dubi darduma shimfiɗe a tsakar gida, ta sake leƙawa.

"Kai, ina gabas a gidanga?"

Na nuna. Kafin hannuna ya sauka na gane. Duk wanda ya zauna, alƙibla zai fuskanta sak. Ni ne fa mai koyar da addini a firamare, da bakina nake hana yara wannan! Kawu ya shiga kallon rufi, wata tsohuwa ta yi salati da ƙarfi.

"Ni dai ba ni shiga," in ji Inna.

Ba ta kuwa shiga ba. Tsohon masan na riga na cike shi, don haka kwana tara tana ɗingisawa da buta zuwa maƙwabta, tana tsuguno da gwiwar da na yi duk wannan dominta. Wallahi wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Na koma wurin Malam Issufu kaina a sunkuye. Aka fasa tayil, aka sake siminti, babur ɗina ya tafi a ciki. Da Malam Issufu ya gama, ya wanke hannu ya dube ni.

"Bututu guda ne dai, Malam."

Yanzu in mai aiki ya fara sosa ƙeya, ajiye biro nake yi in kasa kunne. Makaranta kuwa har yau a ƙasa nake zuwa.