Barmo da Takalman Baƙin Jirgi

Shekarar da Allah ya yi wa maigidana Sodangi rasuwa na rasa abu biyu, na sami ɗaya. Na rasa shi, na rasa rumfarsa ta bakin ƙofar tsohon masallacin Zango. Abin da na samu shi ne ƙanensa Barmo, wanda ya zo gaisuwar mutuwa daga ƙauye, dangi suka ce masa kada ya bar ni ni kaɗai, shi ke nan bai koma ba. Magidanci ne, ga gemu, ga ƙarfi kamar sa. Ba ya ƙarya, ba ya ɗauke-ɗauke. Aibinsa ɗaya ne: abin da bakinka ya faɗa shi zai yi, ba abin da zuciyarka take nufi ba.

Garinmu bakin teku ne. In lokaci ya yi, wani ƙaton jirgin ruwa yakan tsaya ya zubo Turawa masu yawon buɗe ido. A loda su a motoci da safe, a kai su babban coci, a kai su gidan zane-zane, a kawo su masallacinmu kafin azahar, da la'asar jirgi ya tashi da abinsa. Duk cinikinmu a ɗan tsayawar nan yake. Ina cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba kasuwa, sai wata 'yar kasuwarmu, Hajiya Tasalla, ta ce bari ta riƙe min wurin kada wani ya shige. Ta riƙe kuwa. Da na fito ta ce ai ta riga ta yi wa rumfar rufin kwano, sai dai haƙuri. Aka tura ni bayan masallaci, gindin ceɗiya, inda ba mai wucewa sai akuya. Ni Ladingo, wadda ba a taɓa yi wa wayo a ciniki ba! Daga can ina jiyo dariyarta da ƙarar awarwaronta, kamar ana soka min allura.

Wata rana jirgi ya zo, na ɗora wa Barmo ɗaurin mafitai na kaba, na ce ya tsaya inda motoci ke sauke Turawan.

"Ka ji ko? Kada Bature ko ɗaya ya wuce ka hannu rabbana."

"To, Matar Yaya."

Ko shan ruwa ban yi ba sai ga shi ya dawo yana washe baki, ba mafici ko guda. Na miƙa hannu. Ya ba ni hannu muka gaisa.

"Ina kuɗin?"

"Ba ki ce kuɗi ba. Amma wallahi ba wanda ya wuce ni hannu rabbana. Wata tsohuwa ta ƙi karɓa, sai da na bi ta na cusa mata a hammata."

Na leƙa ta kusurwar masallaci. Ga su nan cike da rumfar Tasalla, suna fifita da mafitaina, suna sayen kayanta cikin sanyin rai. Ita ma ta samo guda tana fifita, ta hango ni ta ɗaga min shi.

Wata rana kuma na zaunar da shi na koya masa ciniki. Na ce in mutum ya taya kaya ba a cewa na sallama, "albarka" ake cewa, shi zai ƙara da kansa. Na ba shi tumtum na fata, aikin hannun marigayi, wanda ba irinsa a Zango. Wani Bature mai jan wuya ya gani ya liƙe. Ya taya ta bakin tafinta, Barmo ya ce albarka. Ya ƙara, albarka. Ya ninka, albarka. Tafintan ya ce, "Malam, kai faɗi naka mana!" Barmo ya ce albarka. Har direba ya danna oda mutumin yana ƙari, ƙarshe ya juya ya ɗauki na Tasalla, wani busasshe mai warin jima.

"Me ya sa ba ka sallama ba, don Allah?"

"Ke kika ce ba a cewa haka. Kuma gaskiyarki ne, Matar Yaya, yana ta ƙarawa. Da motar ba ta tashi ba, da yanzu muna nan."

Wata rana na ce to, tun da a nan Tasalla ta tare gaba, mu riga ta. Na cika masa jaka da duwatsun wuya da alabe, na ce ya tare Turawan tun daga bakin jirgi, ya bi su duk inda suka sa ƙafa. Ya bi su. Ya shige motarsu ya zauna, suka ɗauka ma'aikaci ne. Da yamma ya dawo da jakar ko buɗe ta bai yi ba, sai labari.

"Matar Yaya, kin ga cocin nan? Tagoginsa gilas ne kala-kala, rana ta shigo ta mai da ni shuɗi. Su kuma shiru, kowa ya ɗaga kai sama kamar kaji na shan ruwa. Gidan zane kuwa, akwai wani allo kamar agwagwa ta taka fenti ta bi ta kai, an gitta igiya kada a taɓa. Sai kuma na ga Hajiya."

"Wace Hajiyar?"

"Tasalla. A bango. An zana ta a rumfar Yaya, har da gungumen da ya kafa. Suna ta ɗaukarta hoto."

Shekara ashirin da biyu ina share rumfar nan, ba wanda ya zana ko tsintsiyata.

"Ta yi kyau?"

"Ta yi. Sun ma rage mata haƙora."



Wata rana na haƙura da shi gaba ɗaya. Na ce kada ya ƙara taɓa min haja. Turawan nan kan sha ruwa su yar da robobi, ni kuma ina wankewa in zuba zoɓo. Na ba shi buhu.

"Je ka tsaya bakin masallaci. Duk abin da ka ga sun bari a ƙasa, ka kwaso min."

Masallacinmu ba a shiga da takalmi, ko kai wane ne. Turawan na shigewa kallon ginshiƙai da rubutun bango, sai ga Barmo niƙi-niƙi da buhu a ka. Ya juye a gabana. Takalma ne, ƙafa arba'in ko fiye, na maza da na mata, har da na tafinta. Na ɗora hannu a ka na ce yau mun kwana a caji ofis. Shi ko a jikinsa. Ya durƙusa yana haɗa kowane da ɗan'uwansa, yana gogewa da gefen rigarsa, yana jerawa a inuwa.

Sai ihu ya tashi a gaba. Rana ta take, dandamalin masallacin ya yi zafi kamar tanda, ga lokacin jirgi yana tafiya. Na jiyo muryar Tasalla ta fi ta kowa: "Na ga ɓarawon! Ku biyo ni!" Da ƙafarta ta jawo min su kaf, suna ɗingishi suna tsalle-tsalle kamar fara a kasko. Suna shiga inuwar ceɗiya suka zube a kan saiwoyi da tabarmata suna hura tafin ƙafa. Bature kuwa in zai ɗaure igiyar takalmi sai ya zauna, in ya zauna sai ya duba abin da ke gabansa. Wannan ya ɗaga ƙwarya, waccan ta gwada abin wuya. Zoɓona ya ƙare, tabarmar da suke kai ma sai da aka taya. Tasalla na tsaye tana jiran a kama mu, ba wanda ya ko dube ta.

Liman ya yi wa Barmo faɗa sosai. Amma tafintan ya ja ni gefe ya ce, "Mama, takalmin nan sanyi ƙalau, can kuwa rana ke gasa su. In jirgi ya sake zuwa ma a yi haka, sai dai a buɗe mana ƙaramar ƙofar baya." Aka buɗe kuwa. Tun daga ranar, ta ƙofar gaba suke shiga, ta baya suke fita. Mai shiga sauri yake yi, mai fita ne ke ciniki.

Jirgi uku Tasalla ta yi tana korar ƙuda. A na huɗu ta zo har gindin ceɗiya, awarwaro ya yi shiru.

"Yaya Ladingo, dama amana na riƙe. Ki koma wurin marigayi."

"Yau na zama Yaya? Riƙe abinki, Hajiya, ai kin yi rufi."

Ta ce to in ɗan matsa mata a inuwa. Ta yi tayin turmin atamfa, na ce ina da sutura. Ta ƙara da tunkiya, na ce ba ni da turke. Ta kawo matar Liman ta sa baki, na ce ina ganin girmanta, amma ciniki ciniki ne. Kwana tara muna ja.

A ƙarshe na sallama mata taku uku na inuwa, daga can gefen da tsuntsaye ke kashi. Farashin kuwa shi ne, duk ranar jirgi ita za ta kwaso takalman baƙi a kwando, ta ɗora a kanta, ta biyo ta gaban 'yan kasuwa, ta sauke a gabana.