Makaɗan Ƙarfe Sun Shanye Mini Mai

Jama'a, jiya tun asuba na tura babur zuwa gidan mai na bakin Kasuwar Kilomita Biyar. Matata Ummuhani cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe, tanki kuma ƙayau. Ba na son naƙuda ta zo ina zare ido babu abin kai ta asibiti.

Wajen hantsi layi ya iso kaina. Yaron gidan mai ya ɗaga tiyo ke nan, sai muka ji badujala ta ɓarke, ga begila, ga ganguna.

To, ku da ke nesa, bari in gaya muku. A nan Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, ba a jin kiɗan soja da safe a tsaya tambaya. Duk boren da sojoji suka taɓa yi mana, da wannan kiɗan rediyo ta sanar da mu. Yaro ya yar da tiyo ya danna kwaɗo. Ƙofofin shaguna suka hau rufuwa garam-garam. Maƙwabcina Idi mai albasa, da kullum yake kukan ciwon gwiwa, ya wuce ni kamar an harbo shi.

"Malam, me kake jira? Sun sake!"

Ni ma na ba wandona iska. Sai can unguwar Kokoro na tsaya.

Ashe ba bore ba ne. Mai Girma Yallaɓai Uban Nishaɗin Talakawa ne ya sayo mutum-mutumi daga ƙetare, masu hannu da ƙafa har da hular kwano, suna busa suna kiɗa, don bikin zaman lafiya. Dabara kuwa ta yi! Makaɗan ƙarfe ba sa jin yunwa, balle su juya wa oga baya. Sai dai a duk unguwannin garin nan mu aka zaɓa, a duk waƙoƙin duniya kuma taken soja kaɗai aka ɗura musu.

Da azahar muka lallaɓo muka dawo. Ga su nan jere suna ta yi wa tituna wayam kiɗa. Na ce wa yaro ya zuba mini.

"Patron, esans ya ƙare, babu mai ko ɗigo."

"Ya ƙare a ina? Kowa fa gudu ya yi!"

Ya nuna mini janaretan da ke ba makaɗan wuta, da jarkoki cike a gefensa. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Da yamma rediyo ta ce Yallaɓai ya yaba da natsuwar unguwarmu, ko tari bai ji an yi ba.

Yanzu kurar da Idi ke tura albasa ce a ƙofar gidana, Ummuhani ta shimfiɗa tabarma a cikinta tana hararata. Yallaɓai, ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake roƙo. Idan naƙudar ta tashi, a ara mini mai begila guda ya shige gaba. Ni zan tura kura, shi ya share mana hanya.