Bahaguwa da Ƙafar Dama

"Kalewa, kalewa," in ji tsohon, irin gaisuwar Barebari. "Ya gajiyar sama? Ko har yanzu a ƙasa ake gajiyar?"

"Lafiya lau, tsoho. Ya ƙarfin jiki, in da saura?"

Muhsinat ce durƙushe a bakin zauren kakanta Babakura, a Tsohuwar Maiduguri. Babakura masaƙi ne, shi kaɗai ya rage a layinsu. Idonsa ya yi rauni, amma daga hantsi zuwa azahar ba ka rasa shi a masaƙa. Ita kuwa 'yar ɗansa Sa'id ce, watanta bakwai a makarantar koyon tuƙin jirgin sama, an ba su hutun kwana huɗu. Ta taso daga gidan babanta a unguwar Gomari da magana a bakinta: ta yanke shawarar barin makarantar, tana tsoron fuskantar babanta, kuma duk duniya mutum ɗaya ne Sa'id ba ya ɗaga wa murya. Sai dai jika ba ta fara wa kaka da abin da ya kawo ta, sai an gama tsokana tukuna.

"Ina tsarabata?" in ji Babakura, ƙafafunsa na ta aiki. "Mace ta je har sama ta dawo wa mijinta hannu rabbana?"

"Na ƙullo maka gajimare a leda, ya narke a Damaturu."

"Ƙarya kike. An ce mini jirgin naki kujera biyu gare shi. Wannan ai keke napep ne aka liƙa wa faifai biyu."

"Ya dai fi wannan katakon da kake tuƙawa shekara sittin bai matsa daga zaure ba."

"Bai matsa ba? Zaren da na saƙa a nan, in aka miƙe shi, zai je Makka ya dawo ya wuce Kano. Ke ina da ina kika je?"

"Zagaya filin jirgi muke yi tukuna."

"Zagaye! Sa'id ya tura ki wata uwa duniya ki koyo abin da akuyar turke take yi ba malami."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta gyara zama a tabarma, ta ɗan ja bakin mayafinta.

"Kaka, aikenka na zo yi."

"Yau kuma amarya ke aiken ango? Duniya ta zo ƙarshe. Ina za ni?"

"Wurin Baba. Ka gaya masa ba zan koma ba."

Masaƙa ta tsaya cak, sannan ta ci gaba kamar ba a ce komai ba. Haka tsohon yake, in magana ta buge shi ba ya bari a gani a fuska.

"Korar ki suka yi?"

"Saura kaɗan. Mu tara ne a ajinmu, takwas duk sun tashi jirgi su kaɗai. Ran Litinin malamarmu, Kyaftin Agnes, za ta zauna kusa da ni gwajin ƙarshe. In na yi daidai, ta sauka ta bar mini jirgin. In ban yi ba, shi ke nan. Gara in tafi da ƙafata da a ce an sallame ni."

"Me kike yi wa jirgin ne? Cizonsa kike?"

"Hagu yake gudu da ni."

"Ban gane ba."

"A ƙasa ba da hannu ake juya shi ba, da ƙafa ne. Abin takawa biyu ne, hagu da dama. In ka ba shi wuta zai tashi, juyin farfela yana jan hancinsa hagu, sai ka danna ƙafar dama ya miƙe. Ni sau uku ina kusan shiga ciyawa. Kullum Kyaftin Agnes tana kunnena, ƙafar dama, ƙafar dama! Har a mafarki nake jinta."

Babakura ya saki ƙoshiyar saƙa ya tuntsure da dariya har da tari. Ba tausayi ko na sisi.

"Allahu akbar! Wannan mata a kai mata gaisuwata. Shekara ashirin da biyu ina faɗa miki, shiga gida da dama, sa takalmi da dama, karɓi abu da dama. Kika mai da ni mahaukaci. Ashe sai an sa wa maganar farar riga da hula sannan za ki ji. Bahaguwa ko a sama bahaguwa ce!"

"Ka ci gaba, bakinka ne."

"In suka sake ki, Kano za ki nufa ki sauka a Injamena."

"In na sauka can zan yi sabon miji mai haƙora."

"Wa zai ɗauke ki? Ni ma haƙuri nake." Ya dafa bango ya miƙe. "Zo ki zauna nan."

"A masaƙa? Mata ba sa zama nan."

"A zamanina ma mata ba sa tuƙa jirgi. Cire takalmin."

Ta zauna tana gunaguni. Ya ɗora mata ƙafafu a kan sandunan takawa guda biyu, ya nuna mata: taka ɗaya, zare ya buɗe, wurga ƙoshiya, buga, taka ɗayar. Sannan ya koma tabarma ya rufe ido. Abin da ta saƙa a mintuna biyar na farko, ko tsumman goge tukunya ba zai yi ba.

"Dama ta makara," in ji shi.

"Idonka a rufe yake fa."

"Kunnena a buɗe yake. Hagu ta ce ƙwas, sai a yi tsit, kamar an tafi kiran dama daga Dusuman. Me kike kallo?"

"Ƙoshiyar mana."

"Wato sai kin ga ta fito sannan ki aika wa ƙafar. A jirgin ma haka kike?"

Ba ta son amsar, don gaskiya ce.

"Sai na ga hancin ya fara karkata."

"Ya taɓa karkata dama?"

"A'a."

"Ko sau ɗaya?"

"Na ce a'a."

"To jirgin nan ya fi ki riƙon alkawari. Kullum hagu, bai taɓa yi miki ƙarya ba. Kin san zai zo, kin san ta inda zai zo, me kike jira ki gani? Hannu na ba da wuta, ƙafa ta tafi tare da shi. Ni yau shekara shida ban ga zaren nan da kyau ba, kin ga ya karkace?"

"Haka Kyaftin Agnes take cewa."

"A wurina ta sata."

Haushi ya sa Muhsinat ta taka da ƙarfi ta wurga ƙoshiyar fiye da kima. Ƙoshiyar ta kuɓuce ta yi tsalle ta nufi ƙirjin tsohon. Kafin ta ce wayyo, ya cafe ta caraf.

Ta zuba wa hannun ido. Shi ma ya dubi hannun, ya yi maza ya mayar da ƙoshiyar ɗaya hannun, amma an riga an gani.

"Kaka."

"Ci gaba da saƙarki."

"Da wane hannu ka cafe?"

"Ta nan ta zo."

"Ta tsakiya ta zo! La ilaha illallahu! Bahago! Wallahi bahago ne! Tun ina rarrafe kake ce mini bahaguwa, ashe gadon gidanku ka ba ni!"

"Rage murya, mutane na wucewa."

"Sai na hau jirgi na yi shela daga sama. Babakura masaƙi, limamin ƙafar dama..."

"Ke, ki ji tsoron Allah, ni mijinki ne."

"Na fasa auren. An yaudare ni."

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa. Ya zauna yana girgiza kai yana murmushi, irin na wanda aka kama da nama a baki.

"Shekara biyu na yi ina ɓata wa mahaifina zare," ya ce. "Yara uku da muka fara tare duk sun wuce ni. Na gudu Dikwa wurin kawuna na ce ya zo ya ce masa na bari. Kawun ya sako ni a mota ya dawo da ni. Mahaifina bai dake ni ba. Zare ya ɗaura mini a babban yatsan ƙafar dama, ya ce ba magani ba ne, don dai in riƙa jin tana nan. Daga nan na ɓoye hagun. Kakarki Bintu ma har ta koma ga Allah ba ta sani ba."

Muhsinat ta sauke ƙafafunta daga sandunan takawa, ta juyo.

"Kaka, ta wane gefe take ajiye maka kofin shayi?"

Sai ya tuna. Shekara arba'in da ɗaya, kullum ta hagu, hannun kofin na kallonsa. Bai taɓa tambayar kansa dalili ba. Kewarta ta taso masa a lokacin, ya yi dariya a hankali, ya goge ido da bakin riga.

"Ashe ni kaɗai nake ɓoye wa kaina. Kin ci, 'yar nema. Miƙo ƙafar."

Ya tsinko baƙin zare daga masaƙa, ya laluba ya ɗaura mata a babban yatsan dama, da hannun hagu, ba ɓoyo. Ya ja ƙullin har ta ce wash.

"Ya yi tsauri!"

"Haka ake so. To, yanzu zan sa babbar rigata in tafi Gomari, tunda an aike ni. Me kika ce in gaya wa Sa'id?"

Ta dubi zaren, ta motsa yatsan sau biyu, ta jawo takalminta.

"Ka ce masa ya kai ni tasha gobe da safe."