Yadda Ake Sasanta Zaki Da Gaggafa A Gindin Faranti

Ya kai mai karatu, in ka bi matakan nan yadda na jera su, na lamunce maka za ka shirya 'yan'uwa biyu da suka mutu suna gaba shekara ɗari biyu da suka wuce, ko da Turawa ne, ko da babu abin da ya rage nasu a duniya sai faranti. An gwada an gani. Abokina Baba Davou ne ya gwada a garin Largo na Amurka, bara, 1986.

1. Ka rasa aikin yi

Nan ne tushe. Davou ya shekara talatin yana haƙar kuza a Bukuru, kuma shi ne mai raba faɗan unguwarsu. Da 'yarsa Kaneng, ma'aikaciyar jinya, ta ɗauko shi zuwa Amurka, sai ya tarar babu kuza, babu faɗa. Maƙwabta ko gaisawa ba sa yi, balle su yi rigimar da za a nemi dattijo.

2. Ka riƙa kife faranti

Ran Asabar Turawa kan baza tsofaffin tarkacensu a ƙofar gida su sayar. Je can. Kada ka dubi fuskar faranti, fuska ta iya ƙarya. Kife shi.

Haka Davou ya tsinci wani mai nauyi, ruwan toka. Ya shinshina, ya ɗan lasa, ya ce, "Kuza ce, an sirka ta da dalma." A gindinsa ga hatimin maƙerin, zaki ya ɗaga ƙafa ɗaya. Ka riƙe wannan: mutum a kumatu ake masa tsagar gidansu, faranti kuwa a gindi.

3. Ka nemi wanda ya san dangin, amma kada ka yarda da shi

A garin Germantown akwai wata tsohuwar Baturiya, Madam Olive, wadda Kaneng ta taɓa jinya. Irin farantan nan take tarawa a kabad, ba ta taɓa su sai da safar hannu. Ta duba na Davou da tabarau biyu ta ce aikin wani gidan maƙera ne na dā can. Ubansu Yusha'u, hatiminsa zaki. Babban ɗansa Nuhu ya gaji zakin, shi ne mai wannan farantin. Ƙanensa Ishaku kuwa gaggafa ya riƙa bugawa. Ta ɗauko na Ishaku ta nuna masa.

"Me ya haɗa su faɗa?" in ji Davou da Turancinsa na ramin kuza.

"Ba su yi faɗa ba. Ƙasar ce ta sami 'yanci. Zaki na Ingila ne, gaggafa tamu ce."

Davou ya yi murmushin tausayi. "Madam, mu ma mun sami 'yanci a sittin. Wa kika ji ya goge tsagar gidansu? Yaron nan fushi ya yi."

Masu ilimi suna da kirki, sai dai shekarar abu kawai suka sani.

4. Ka aro ƙanen

Ba a sulhu da mutum ɗaya. Roƙa. Davou ya roƙa har Kaneng ta tsaya masa, Madam Olive ta naɗe Ishaku a tawul ta ce ranar Lahadi ƙarfe huɗu take son abinta. Kwana shida ke nan a hannunka. In suka wuce, Ishaku ya koma kabad da fushinsa har tashin duniya.

5. Ka zaunar da su ka yi musu faɗa

Kife su a teburin cin abinci. Fara da babba, don kada ƙarami ya raina shi. Davou ya yi musu da Hausa, ya yi da Berom, ya karanta musu labarin Yakubu da Isuwa, tagwayen da suka yi gaba suka shirya. Zaki ya dubi gabas, gaggafa ta dubi yamma.

Ran Alhamis Kaneng ta dawo aiki a gajiye ta ce, "Baba, ka musanya musu wuri mana, ai sai su kalli juna, ni kuma in sami inda zan ci tuwo."

"Ke yarinya, zakaru ma kallon juna suke yi kafin su fara. Kallo ba shiri ba ne."

"To su shirya kafin Lahadi. Sunana na ajiye a wurin matar nan."

6. In baki ya gaza, kira wuta

Bari sai mai gidan ta tafi aiki ran Asabar da safe. Ɗora kaskon ƙarfe a murhu, sa su ciki, babba a ƙasa. Kuza ba ta da taurin kai irin na masu ita. Davou ya ce zakin ne ya fara sunkuyar da kai, yadda ya kamata babba ya yi, gaggafa ta sauke fiffike ta bi shi. Kafin a dafa shayi sun zama ruwa ɗaya mai sheƙi. Na'urar nan ta rufin ɗaki mai ihu in ta ji hayaƙi za ta yi ihu. Ƙyale ta, guɗa ce.

7. Ka mayar da aro a kan lokaci

Mutumin kirki ba ya riƙe kayan mutane. Da dunƙulen ya huce, Davou ya raba shi biyu da zarto, ya naɗe rabi a tawul. Kaneng ta kai shi Germantown a mota ba ta san me ya rungume ba.

Madam Olive ta sa safar hannu, ta warware tawul, ta daɗe tana dubawa.

"Ina Ishaku?"

"Yana ciki. Shi da yayansa."

"Farantan Ishaku guda huɗu kaɗai suka rage a duniya," ta ce.

"Ba sai kin gode ba, Madam. Sauran ukun ma in an kawo zan duba su."

Ta zauna ta fashe da kuka. Kaneng ma ta fara. Davou ya cire hula ya sunkuyar da kai, don duk sulhun da ba a zub da hawaye ba, bai kama ba.

Jan kunne

Ni dai shawara na bayar. In 'yarka ta daina gaishe ka sai da hannu, in wata takarda mai hatimin lauya ta iso gidanku, in aka sa wa murhu kwado, babu ruwana, babu ruwan mai buga wannan takarda. In kuma an tambaye ka ko ina wurin, ka ce ni hannun kaskon kawai na riƙe.