Ranar da na jawo Baba cikin ekispoze

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na haddace wa kaina bala'i. A kolej ɗinmu na Mayahi, mushen faransanci, wato malaminmu, ya ce kowa ya zaɓi wani shahararre ya ba da tarihinsa da faransanci a gaban aji, abin da ake kira ekispoze. Ni gwanin hadda ne: in ka ba ni shafi, zan maido maka shi har da waƙafi, amma kada ka tambaye ni me yake nufi.

Ranar kasuwa na ari wayar yayana, na nemi “babban mai shirya fim na Italiya” (don a ce na waye). Rezo, wato sabis ɗin waya, na zuwa yana ɗaukewa, sai na kwafe na farkon da ya buɗe cikin kayena, littafin rubutuna, tas, na haddace.

Ran nan sufeto ya zo daga Maraɗi. Mushe ya dube ni da alfahari, ya ce in fito.

Na fara zuba kamar rediyo: yadda mutumin ya taso, yadda ya fara da fina-finan da masana ke yabo, yadda daga baya ya koma wani fanni har ya yi suna a duniya. Nan na ga alli ya faɗi daga hannun mushe. Na ɗauka burgewa ce, na ƙara murya. Don in cika maki kuma na ƙara ƙarya tawa ta kaina: duk fina-finansa na kalle su, ni da babana.

(Babana shi ne ladanin unguwarmu.)

Ashe fannin da mutumin ya koma fina-finan batsa ne, ni kuwa na jero su ɗaya bayan ɗaya.

Diraktan lakwal, shugaban makarantarmu, ya sa aka kira Baba. Ina tsaye a biro, ofishin diraktan, ina ganin kora, ina ganin dorina, har ina tunanin wanda zai gaji kekena. Da aka fassara wa Baba abin da na faɗa, ya juyo a hankali.

“Ni da kai muka kalli mi?”

“Wallahi Baba, ko hotonshi ban taɓa gani ba!”

Sufeto ya ce to in faɗi abin da na karanta da Hausa. Na buɗe baki, na rufe. Ko jimla ɗaya ta ƙi fitowa. Ya dubi diraktan ya ce, “Ku bar shi, wannan bai san mi ya ce ba.”

Ba a kore ni ba. Karo na farko ke nan da jahilcina ya yi mini rana. Baba dai ya riƙe kunnena tun daga ƙofar lakwal har gida, ta tsakiyar kasuwa.

Yanzu ko sunan magani zan karanta a gaban mutane, sai na tambayi ma'anarsa. Ƙarya kuwa, in ta kama dole, ba na ƙara sa ladani a ciki.