Hular Haƙorina a Tafin Alhaji

Ko da haƙorana duka za su zube, ba zan taɓa mantawa da ranar da guda ɗaya ya tona mini asiri a unguwar Zango ba.

Shekarun fari da yunwa ne, ina sabon mushe, wato malami, a wata lekwal (makarantar boko ke nan) a Damagaram. Abincinmu jar dawar taimako ce, wadda tsakuwa ta yi wa yawa. Ina cikin cin tuwonta na ji ƙas! Turmin haƙorina na dama ya tsage. Likitan haƙori ya goge shi, ya sa masa hular ƙarfe, ya liƙe da wani farin siminti. Ya ce, "Mushe, ka bi ta a hankali."

To ni Allah ya yi ni da son bin ƙwaƙƙwafi. Yaya ɗan simintin da bai kai ƙwayar gero ba zai jure muƙamuƙin ƙato kamata? Sai na shiga gwaji. Na fara da gyaɗa, hula ba ta motsa ba. Na koma goro, na wuce aya busassa, har ƙashin kaza na tauna (kazar aro ce, a gidan abokina, kada ku ɗauka wadata gare ni). Hula tana nan daram. Har ɗalibaina na yi wa bayani da alli a allo, wai ƙarfe ya fi ƙashi.

Ana nan sai Alhaji Bukar, wani attajirin Zango, ya tashi aurar da babbar 'yarsa. Ni kuwa ƙanwar amarya, Falmata, nake so, ban dai sami bakin faɗa ba. Na ci babbar riga, na zauna kusa da manya don a san da ni.

Aka kawo alewa, irin mai danƙo. A shekarar da sukari ya zama labari! Na jefa ƙaton gutsure ta ɓangaren dama, ina cewa a raina, wadda ta ci aya, alewa me za ta yi mata? Na danna, lafiya lau. Na buɗe baki, sai na ji ɓwak! Iska mai sanyi ta bugi kututturen haƙori. Alewa ta cire hular ɗungurungum.

Na yi kamar tari, na tofa su a tafin hannuna na dama, na dunƙule. Daidai nan Alhaji Bukar ya iso yana gaisawa da jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"A'a, Mushe! Sannu da zuwa."

Ya miƙo hannu. Wa zai ƙi hannun surukin da yake nema? Na ba shi. Ya riƙe, ya girgiza, ya tambayi lekwal, ya tambayi mutanen gida. Da ya saki, tafina wayam. Alewa da hula sun koma nasa.

Ya ɗaga hannun, ya ƙura ido. Mutanen zaure duk suka juyo suna kallo.

"Mushe," in ji shi, "wannan gudummawar biki ce, ko ajiya ka ba ni?"

Dariya ta ɓarke, har liman sai da ya rufe baki da rawani. Na ce, "Ajiya ce, Baba," na karɓi kayana da hannu biyu.

Washegari likita ya saurare ni yana murmushi. Ya ce hula tana jure danni, amma kowace tauna mai ƙarfi tana ɗan tsattsaga simintin a ɓoye. Abu mai danƙo kuwa ba danna ta yake ba, fizgo ta yake sama. Wato ni na yi ta sassauta ta, alewa ta zo ta ƙarasa. (Na so in tambaye shi ko tuwon madara ma haka ne, na kama bakina.)

Falmata dai na aure ta, amma har Alhaji ya bar duniya, in zai gaisa da ni sai ya ce, "Buɗe hannun tukuna."

Abin da na koya: in za ka gwada ƙarfin abu, tabbatar ba a cikin bakinka yake ba.