Guzurin Gafiya Tabawa

A wani daji da ake kira Kurmin Dargaza, al'ada ce bayan kaka majalisa ta auna hatsin kowane gida, a haɗa a baki, a raba da yawan kawuna, a aika wa manyan dawa da adadin. Ba a ba kowa ko ƙwaya. Faɗa ce kawai, amma a kanta ake yabon shugaba ko a tsige shi.

Gafiya Tabawa ta rakuɓe a gindin marke tana saurare. Mudu ɗaya da rabi ta samu bana. Maƙwabtanta zomaye da kuregu, gida arba'in, sun yi ƙaura tun da tafki ya ƙafe. Ita ta ƙi tashi, don a bayan raminta aka binne mijinta.

Burtu magatakarda ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, albishir. Bara kowane kai mudu uku ne. Bana bakwai."

Ɓauna, shugaban majalisa, ya ɗaga kai. "Noma ya yi kyau ke nan?"

"A'a, ranka ya daɗe, masu ƙaramin rumbu ne suka ragu. Saura gida tara. Da su ma za su kama hanya, da mun kai goma sha biyu, mun wuce dajin gabas."

Tabawa ta ji idanu sun sauka a kanta. Sai ta miƙe.

"Shugaba, Allah ya ja zamaninka. Ni ban yi karatu ba, amma mudu bakwan nan ban gan shi a tukunyata ba. Waɗanda suka tafi ba gudun arziki suka yi ba, ƙishirwa ta kore su. Ku ba mu hannu a yashe tafki, wallahi rabinsu za su dawo kafin damina."

"Su dawo?" in ji Burtu. "Mu koma uku?"

Ɓauna ya sassauta murya, abin da ya fi tsawa tsoratar da ita. "Haba Inna! Wa ya isa ya kore ki? Ke uwarmu ce. Sai dai majalisa ta lura ramukan gefen tafki sun tsufa, za mu cike su don lafiyarku. Wanda ke da mudu uku a rumbu, a ba shi sabon fili. Wanda ba shi da shi, ga guzuri, mudu guda, kyauta. Akwai mai ja?"

Sauran gidaje takwas suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya ja.

Kwana uku bayan haka Tabawa ta share kabarin mijinta, ta ɗora mudun a ka. Burtu da kansa ya raka ta har bakin rafin kudu, yana ta sa mata albarka.

Da kaka ta zagayo, aka yi shela cewa talauci ya bar Kurmin Dargaza. Ba ƙarya aka yi ba. An ga sawunsa, ya nufi kudu.